Baƙaƙe Masu Ƙugiya a Kan Kwamfutar Tebur: Warware Wasu Matsalolin Yau da Kullum da Harshen Python

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wasu ƙananan matsaloli da ke tasowa duk sa'ad da aka ɗora rubutun Hausa a kan kwamfutar tebur, tare da nuna yadda ake warware su da gajerun umarni na harshen Python. An kira su ƙanana ne don kawai maganinsu bai wuce layi goma ko ashirin ba, amma ɓarnarsu ba ƙarama ba ce. Malamin makaranta a Utai da ke son jera sunayen ɗalibansa bisa abacada, da ɗalibin babban digiri da ya tattaro karin magana daga Lajawa da Indabo da Darki yana son ƙirga kalmominsu, duk tuntuɓe ɗaya suke yi. Ba a kuma rasa masu sanin wannan fanni a kusa ba, domin a Wudil akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha wadda ta fara aiki a 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zama tsakanin masanin harshe da masanin na'ura a kan tabarma ɗaya.

Abin nufi da harshen umarni shi ne harshen da ake rubuta wa kwamfuta jerin ayyuka a cikin ɗan fayil, ta karanta ta zartar nan take, layi bayan layi. Python na ɗaya daga cikinsu. Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, shi ya fitar da shi a 1991, kuma kyauta ake samunsa. Da zarar an girka shi, ba ya bukatar intanet, wanda wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce ga mai aiki a ƙauye.

Tushen matsalar

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII da aka tsayar a Amurka a 1963 yana da gurbi 128 ne kacal, kuma babu ɓ ko ɗ ko ƙ a cikinsu, alhali waɗannan baƙaƙe sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da R. M. East ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya. Kafin nan wasu marubuta kan sa ɗigo a ƙarƙashin baƙi, wasu kuma su sa masa alama a gaba. Sai da tsarin Unicode ya zo a 1991 sannan aka sami hanyar bai wa kowane harafi na duniya lambarsa. Sai dai lambobin da baƙaƙen Hausa suka samu a warwatse suke. Ƙaramin a lambarsa 97, z kuma 122, amma ƙ tana 409, ƴ tana 436, ɓ tana 595, ɗ tana 599. Manyan kuwa, Ɓ 385, Ɗ 394, Ƙ 408. Daga wannan warwatsuwa ne rabin wahalar ya samo asali.

Jera kalmomi

Alal misali, a ba Python sunayen ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, a ce ya jera su da umarnin sorted. Zai fara da Ajingi, ya gangaro har Warawa da Wudil, sa'an nan a can ƙarshe ya kawo Ɗambatta da Ƙaraye da Ƙiru, kamar baƙin da suka makara. Idan ƙananan baƙaƙe ne abin ya fi muni, domin ƙaya za ta riga ɓera da ɗaki, tun da 409 ba ta kai 595 ba. Na'urar ba ta yi kuskure ba. Bisa lamba ta jera, don ba a koya mata wani tsari ba.

Maganin shi ne a rubuta mata abacadar Hausa a jere, a ce b sai ɓ, d sai ɗ, k sai ƙ, a bai wa kowane baƙi matsayinsa, sa'an nan a umarci sorted ya auna kalmomi da wannan ma'auni maimakon lambobin Unicode. A nan ne fa aikin ke fita daga hannun mai na'ura ya koma hannun malamin harshe, domin dole a yanke shawara a kan sh da ts. Idan an ɗauke su baƙaƙe masu zaman kansu, kamar yadda ƙa'idar jeri ta Hausa da ke ma'ajiyar CLDR ta ƙungiyar Unicode ta yi, to Sumaila za ta riga Shanono, Tudun Wada kuma ta riga Tsanyawa. Idan kuwa an ɗauke su s da h, t da s, sai jerin ya juye. Ko wanne aka zaɓa yana da hujja, abin da ba shi da hujja shi ne a fara da ɗaya a ƙare da ɗaya a littafi guda. Wanda ya zaɓi hanyar farko sai ya sa umarninsa ya riƙa duban haruffa biyu-biyu kafin ya dubi ɗaya-ɗaya, in ba haka ba zai tsinke s ya bar h a baya.

Alamar alhamza

Wannan 'yar alama ita ce ta fi kowace wahalarwa, ga ta kuwa ko ƙwayar gero ba ta kai ba. A rubutun Hausa tana aiki uku. Tana wakiltar alhamza a jama'a da Sa'idu. Tana cikin baƙin 'y a 'ya'ya da 'yanci, wanda a Jamhuriyar Nijar ake rubutawa ƴ. Tana kuma raba s da h a Is'haƙu da mus'hafi don kada a karanta sh. A ido alamar ɗaya ce, amma a cikin kwamfuta tana iya zama ɗaya daga huɗu: miƙaƙƙiya ta allon bugu mai lamba 39, da lanƙwasassu biyu masu 8216 da 8217, da wadda Unicode ta lasafta a harafi mai lamba 700. Manhajojin buga rubutu sukan sauya miƙaƙƙiyar da kansu, har su mai da ta farkon 'yan alamar buɗe zance. Sakamakon haka, mai neman kalmar jama'a a kundi mai shafi ɗari uku zai iya samun rabinta kawai, ya kuma gina hukuncinsa a kan rabin nan bai sani ba.

Haka abin yake wajen ƙirga. Hanyar da aka saba bi ta tsinke kalmomi a Python tana ɗaukar alama ta 39 da ta 8217 a matsayin iyakar kalma, saboda haka sai ta raba jama'a gida biyu, jama da a. Ɗalibin da ke ƙididdige yawan harafin a na wuri, irin na "a gida", zai ga adadinsa ya kumbura ba dalili. Umarnin title kuma, mai girmama harafin farko, yakan mai da sa'idu ya zama Sa'Idu. In ban da matsalar title, duk waɗannan layi ɗaya ne maganinsu idan aka yi shi tun farko: a bi rubutun da umarnin replace, a mai da alamun duka zuwa ta 700, wadda Python ke ɗauka harafi ce. Sai dai a kula da wuraren da marubuci ya yi amfani da alamar don buɗe zance da rufe shi. Waɗannan sai an duba da ido.

Rubutun da ya dagule

Wani lokaci akan buɗe fayil a ga ƙasa ta zama Æ™asa, ɗa ya zama É—a. Da yawa sukan ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga na'urar, har su sake buga aikin daga farko, alhali ko harafi ɗaya bai ɓace ba. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana ajiye ƙ da ƙwayoyi biyu. Idan aka karanta fayil ɗin da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, sai kowace ƙwaya ta fito a matsayin harafi dabam. Gyaran shi ne a mai da rubutun zuwa ƙwayoyinsa ta tsarin da ya dagula shi, a sake karantawa da UTF-8. Rigakafin ya fi sauƙi: duk lokacin da za a buɗe fayil ko a ajiye shi, a ambaci utf-8 a cikin umarnin, idan kuma jerin sunaye ne da za a buɗe da Excel, a ce utf-8-sig. Tun daga Python 3 na 2008 kowane rubutu a cikin harshen Unicode ne, saboda haka a bakin ƙofa kawai ake samun wannan matsala, wato wajen shiga da fita.

Masu nazarin tsarin sauti suna da tasu ƙarin damuwa. Wasali mai alamar karin sauti, kamar à, ana iya ajiye shi dunƙule ko kuma a rabe, wasali dabam alama dabam, kuma na'ura ba za ta yarda cewa abu ɗaya ne ba sai an bi su da umarnin normalize. Wannan umarni ba ya taɓa ƙugiyar ƙ ko ɗ, domin Unicode ba ta ɗauki ƙugiya alama ce da aka ɗora ba.

Mayar da ƙugiya

Aiki mafi nauyi shi ne rubutun da aka buga ba ƙugiya sam, kuma irinsa ne ya fi yawa a shagunan buga takardu. A nan ikon na'ura yana da iyaka, kuma ya kamata a san iyakar. Kalmomi irin su dalibi da kauye da karfe, ana iya mai da su ɗalibi da ƙauye da ƙarfe kai tsaye, muddin an tabbatar daga ƙamus cewa ba su da kishiya marar ƙugiya a rubutun da ake gyarawa. Amma kura da ƙura, baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, gada da gaɗa, duk kalmomi ne na halak. Bata kuwa tana iya zama ɓata, tana iya zama "ba ta" da aka haɗe bisa kuskure. Umarnin da ya sauya waɗannan da ka zai sa ƙura ta cinye akuya. Abin da ya dace shi ne a yi jeri biyu: na farko a sauya shi nan take, na biyu kuma umarnin ya fito da kowace kalma tare da lambar layinta da kalmomi uku-uku na gefenta, malami ya zauna ya zaɓa. Ƙamusun Hausa na Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, ya isa madogara wajen gina jerin biyu.

Ga mai gyaran tsohon rubutu akwai ƙarin hattara. Littattafai da yawa na da sun rubuta "ya ke" da "su ke" a rabe, takardun hukuma kuma sukan rubuta Achika inda ƙa'idar Hausa ke son Acika. Haɗe waɗannan ko sauya su aikin daƙiƙa ɗaya ne, amma su ne shaidar da mai nazarin tarihin ƙa'idojin rubutu zai nema gobe. Saboda haka umarnin ya riƙa ajiye gyararren rubutu a sabon fayil, ya bar na asali yadda ya same shi, ya kuma rubuta jerin duk abin da ya sauya da wurin da ya sauya shi.