Ɗan Allon da Ke Yin Tafinta

Duk wanda ya fara koyon sarrafa maikurokantirola, wato ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarkin nan da ke cikin Arduino da ire-irensa, yakan ci karo da matsala tun ranar farko. Ya rubuta umarninsa a kwamfuta, ya jera wayoyinsa a allon gwaji mai ramuka, amma babu hanyar da saƙo zai bi daga nan zuwa can. Akwai masu sana'ar da aikinsu ke nan: su tsara ɗan allon da bai fi tsawon yatsa ba, ya tsaya tsakani ya yi tafinta.

Asalin rashin jituwar tsohon abu ne. Tsarin RS-232, wanda aka fitar a Amurka a 1960, yana aika lamba ɗaya da wutar da ta yi ƙasa da sifili, tsakanin bolt -3 da -15, sifili kuma da wadda ta yi sama. Ita tsohuwar maikurokantirola sifili da bolt 5 kawai ta sani. Wanda ya haɗa su kai tsaye yana iya ƙona ƙafar ayisinsa, wato ita maikurokantirolar. A shekarun 1980 kamfanin Maxim ya fitar da wata ayisi mai suna MAX232, wadda da taimakon 'yan kafasitoci take ɗaga bolt 5 zuwa kusan 10 sama da ƙasa, ta kuma juya saƙon yadda kowane ɓangare zai gane. Da kwamfutoci suka yi watsi da tsohon bakin RS-232 mai ƙafa tara suka koma USB, sai aikin ya koma hannun FT232R ta kamfanin FTDI na Gilasgo, da CP2102, da CH340 ta ƙasar Sin, wadda arha ta sa ta cika kasuwa.

Zanen haɗin wutar ba shi ne gwanintar ba. Yana nan a takardar bayanin da kowane kamfani ke bayarwa kyauta, ɗalibi ma zai iya kwafa. Inda ake gane gwani shi ne yadda ya yi tunanin hannun wanda zai yi amfani da allon, da kuma kuskuren da mutumin zai yi idan ya gaji.

A fara da faɗi. Tazarar ramukan allon gwaji milimita 2.54 ce, kuma kowane layi ramuka biyar ne a kowane gefen kwarin da ke tsakiya. Idan mai tsarawa ya bar allonsa ya yi faɗi, zai zauna daram, amma ya rufe duk ramukan da za a soka waya. An sami kyau, an rasa amfani. Shi ya sa da yawa suke jera ƙafafu shida a layi ɗaya, allon ya tsaya a miƙe. Nan ma da sauran aiki, domin igiyar USB ta fi allon nauyi, tana iya fizge shi ana tsakiyar loda umarni. Sai an lura da inda aka sa bakin igiyar da kuma tsayin allon. Kuskuren tazara kuwa ba ya gyaruwa da wuri. Arduino, wanda aka fara a Ivrea ta Italiya a 2005, yana da giɓi tsakanin ƙafa ta 7 da ta 8 wanda bai dace da ma'aunin nan ba, kuma har yau allon Arduino Uno yana ɗauke da shi, saboda allunan da aka ƙera a kansa sun yi yawa.

Sai rubutun da ke jikin ƙafafun. TX ita ce mai aikawa, RX mai karɓa, don haka TX ta wannan ɓangare da RX ta wancan ake haɗawa. Wasu masu tsarawa suna rubuta sunan ƙafar kanta, wasu suna rubuta sunan inda za a kai ta, sai mai koyo ya kwana yana zargin umarninsa alhali waya biyu ce ta juya. Ni dai ina ganin mai tsarawar da ya zana 'yar kibiya kusa da kowace ƙafa, ya kuma buga rubutun a fuska biyu na allon, ya fi wanda ya ƙara fitilu masu launi taimakon jama'a.

Batun wuta ya fi duka haɗari. Tsofaffin ayisi bolt 5 suke ci, sababbi irin su ESP8266 kuwa 3.3. Allo mai kyau yana da ɗan makunnin zaɓi, kuma dole zaɓin ya canza wutar da ake ciyarwa da ƙarfin saƙon gaba ɗaya. Akwai allunan da ke rage ta farko su bar TX tana harba bolt 5. Haka nan 3.3 ɗin da FT232R ke samarwa a cikinta ba ta wuce miliamfiya 50 ba, ita kuwa ESP8266 in ta kunna wayifai takan ja fiye da ninki uku na haka, sai ta riƙa mutuwa tana tashi. Mai tsarawar da ya san wannan yakan ƙara ragileta, wato mai daidaita wuta, ta daban.

Ƙananan abubuwa biyu suna nuna wanda ya taɓa zama gaban allon gwaji da kansa. Kafasita mai nanofarad 100 tsakanin ƙafar DTR ta allon da ƙafar sake kunna maikurokantirola tana sa ayisin ta shirya karɓar umarni ba sai an danna maɓalli ba. Idan kuma bakin USB-C aka sa, sai an ɗora razista mai kilo'om 5.1 a kan kowacce daga ƙafafunsa CC1 da CC2, in ba haka ba igiyar da ke da C a kai biyu ba za ta ba da wuta ba sam.

Kayan aikin sun yi sauƙi yanzu. Manhajar KiCad, wadda Jean-Pierre Charras ya fara a Faransa a 1992, kyauta ce. A zana, a fitar da fayilolin Gerber, a tura masana'antun Shenzhen su buga 'yan ƙwayoyi. Liƙa kayan da dalma ya rage ga mai shi, kuma nan ma zaɓin mai tsarawa yana tasiri: ƙafafun FT232RL tazararsu milimita 0.65 ce, na CH340G kuwa 1.27, wanda sabon hannu zai iya liƙawa da ƙarfen narka dalma na gama-gari. Masu gyaran waya na Farm Centre a Kano kullum suna ɗaga ayisin da ta fi waɗannan ƙanƙanta, don haka hannun yana nan, zanen ne ya rage a koya.

Kafin a miƙa wa kowa allon, gwani yakan haɗa TX da RX ɗinsa da waya ɗaya, ya buɗe tagar saƙo a gudun 9600, ya buga harafi. Idan harafin ya dawo, sai ya ɗaga zuwa 115200 ya sake, sannan ya auna wutar kowace ƙafa da mita a duka matsayi biyu na makunnin.