Ceto Bayanai Daga Faifan Kwamfuta Mai Kulle

Ana jawo hankalin jama'a, musamman ma'aikata da 'yan kasuwa, ga wani kulle da ke cikin kwamfutoci da yawa. Irinsa ne BitLocker, wanda kamfanin Microsoft ya fitar tare da Windows Vista. Aikinsa shi ne hargitsa dukan abin da ke cikin faifan ajiya, yadda ko ɓarawo ya cire faifan ba zai iya karanta ko harafi ɗaya ba. Amma ranar da kwamfuta ta lalace, kullen nan ba ya bambanta mai kaya da ɓarawo.

Dalili kuwa, galibi mabuɗin yana tattare da wata 'yar na'urar tsaro da ke jikin kwamfutar. In aka kai faifan wata kwamfuta, sai ta nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. Akan same ta a asusun Microsoft na mai kayan, ko a takardar da aka buga, ko a filashi. In ta ofis ce, a tuntuɓi jami'in kula da kwamfutoci.

In faifan ne da kansa ya fara ɓaci, kada a yarda a goge shi ko a sake zuba masa Windows. Gwani yakan fara kwafe shi baki ɗaya zuwa lafiyayyen faifai, sa'an nan a buɗe kwafin da lambar.

Wanda ya rasa lambar, kuma ba shi da wani mabuɗi, Microsoft ma ba za ta iya ƙirƙiro masa wata ba, balle mai gyara na bakin titi. Saboda haka kowa ya rubuta tasa tun kwamfutar tana lafiya, ya adana ta nesa da jakar kwamfutar.