Abin da Ɓera Ya Nuna Game da Ɗaurewar Fitsari

A Sifawa da ƙauyukan Boɗinga da Shagari, dattijon da fitsari ya fara yi wa gardama ba kasafai yake faɗa wa kowa ba. Zai daɗe a tsugune yana yunƙuri, ya riƙa tashi da dare, ya ce ai tsufa ne. Sai ranar da fitsarin ya ɗaure gaba ɗaya, mara ta kumbura, 'ya'ya su kwashe shi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a sa masa roba. Galibi sanadin shi ne kumburin furostet, wani ƙullutu da ya zagaye bututun fitsari a ƙasan mafitsara. A samari kuwa, sau da yawa tabo ne da ciwon sanyi ko rauni ya bari a cikin bututun.

Halin da mafitsara ke shiga a shekarun nan na shiru, a jikin ɓera aka fi ganinsa. A 1982 Anders Mattiasson da Bengt Uvelius na Jami'ar Lund a ƙasar Suwidin suka wallafa binciken da ya zama abin koyi. Akan sa wa ɓera maganin barci, a jingina siririn ƙarfe mai kaurin kusan milimita ɗaya da bututun fitsarinsa, a ɗaure su tare da zare, sannan a zare ƙarfen. Hanya ta ƙuntata ke nan, amma ba ta toshe ba.

Da farko mafitsara ba ta sarewa. Naman bangonta yakan yi kauri domin ya tura fitsari da ƙarfi, har nauyinta ya ninka, wani lokaci kusan sau goma cikin makonni shida. Ɓeran yana fitsari, sai dai kaɗan-kaɗan kuma a kai a kai, mafitsarar tana matsewa ko ba ta cika ba. A ganina wannan matakin ne mafi yaudara, domin daga waje komai yana tafiya, alhali a ciki jini ba ya wadatar bangon da ya yi kauri, jijiyoyin da ke ba shi umarni kuma suna lalacewa.

Idan abin ya daɗe, tabo yakan maye gurbin nama, bangon ya yi tauri kamar ƙirgi. Ba ya buɗewa yadda ya kamata, ba ya matsewa, fitsari ya riƙa kwana a ciki. Da aka kwance wa wasu ɓerayen zaren, mafitsararsu ta rage nauyi, amma ba duk abin da ya lalace ne ya dawo ba. Wannan na cikin dalilan da ke sa wani a yi masa aiki a buɗe hanya, fitsarin ya ci gaba da ba shi wahala. A mutum, fitsarin da ya taru yana iya jawo ƙwayoyin cuta, ko ya danne ƙoda har ta gaza.

Ɓera dai ba mutum ba ne. Shi rana ɗaya aka ɗaure masa, kuma yawanci ƙananan ɓeraye mata ake amfani da su, dattijo kuwa a hankali abin ke cin sa cikin shekaru. Shi ya sa likita ba ya tsayawa ga lissafin ɓera. Yakan sa mutum ya yi fitsari, nan take a ɗora masa na'urar hoto a mara a auna abin da ya saura a ciki, a kuma ɗebi jini a duba ƙoda.