Maburgin Lantarki Daga Muhaisnah: Kafaɗa Ta Huta, Saura Gwangwanin Sukari

Daga Muhaisnah nake rubuto muku, wata unguwa a gabashin Dubai, dab da iyakar Sharja. Duk mai ɗa ko ƙane da ya zo neman abinci ƙasar nan, da wuya a ce bai taɓa jin sunanta ba, ko da da ɗayan sunan ya san ta, wato Sonapur, wanda Indiyawa suka laƙaba wa ɓangaren da gidajen ma'aikata suke. Can maza ne zalla, gado bisa gado, girki kuma sai a kicin ɗin taro. Amma a ɓangaren da ake kira Muhaisnah 4, wajajen Madina Mall, akwai benayen iyali, kuma nan ne muke zaune, mu 'yan matan zango da Allah Ya kawo, wata daga Nima, wata daga Aboabo, wata daga Sabon Zango.

Idan aka ce wani zai je gida, kowa sai ya kawo saƙonsa. Da can turare ne da dabino da abaya. Yanzu ba a rasa wani ɗan kwali a tsakiyar kayan, kuma idan aka buɗe, miksa ce, wannan maburgin lantarki da ake riƙewa a hannu a buga ƙullun kek. Kuɗinta bai kai na abaya mai kyau ba, ba ta da nauyi, kuma wutar da take sha iri ɗaya ce da ta gida: Dubai da Gana duk bolt 230 suke amfani da shi, filoginsu mai ƙafa uku ne. Ana sauke ta a Kotoka, sai a jona ta a Mamobi ta kama aiki. Wadda aka aiko daga Amurka ce ke da matsala, don tasu wutar bolt 120 ce, idan aka jona ta kai tsaye a soket ɗinmu ƙonewa za ta yi.

Ni ma na aika wa Mma guda ɗaya, kuma abin da ya biyo baya ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Dalilina na aikawa ba kek ba ne. Mma ta yi shekaru tana buga ƙullun ƙosai da hannu tun kafin kiran assalatu, har kafaɗarta ta dama ta daina yarda ta ɗaga hannu ta ɗaura kallabi. Duk wadda ta taɓa suyar ƙosai ta san sirrinsa na cikin bugu ne. Ana buga ƙullun waken har iska ta shige shi ya yi sakayau, a ɗiga kaɗan cikin ruwa, idan ya taso sama ya yi, idan ya nutse a koma bugu. Wannan aikin shi ne miksa take yi. Ƙarafuna biyu ne suke juyawa da gudu suna tura iska cikin ƙullu, abin da hannu zai daɗe yana fama da shi ita cikin 'yan mintuna ta gama. Ga tsohuwa mai ciwon gaɓoɓi wannan ba ƙaramar rahama ba ce, kuma ban yi nadamar sayen ba.

Sai dai a sani ƙaramin inji ne. Yawancinsu ƙarfinsu tsakanin wat 200 ne zuwa 400, an yi su ne don kwano ɗaya na gida, ba don baho na mai sana'a ba. Idan jikinta ya ɗau zafi ko aka ji ƙaurin roba, a kashe a bar ta ta huce. Ƙullun masa ba ya bukatarta, shi kwana yake yi ya tashi da kansa. Kwaɓin funkaso ko na burodi kuma yana mata nauyi, sai dai kaɗan-kaɗan, da waɗancan ƙarafunan masu murɗiya da ke zuwa tare a kwalin.

Da na je gida bayan shekara guda, na tarar kafaɗar Mma ta yi sauƙi. Na kuma tarar gidanmu ya zama gidan kek. 'Ya'yan yayata sun koya a waya, kusan kowane ƙarshen mako akwai sabon gashi, ana yanka wa kowa da shayin safe, har da gwaggona da ta daɗe tana shan maganin ciwon sukari. Da na yi magana sai ta ce, "Ai na gida ne, ba na kanti ba." Haka mutane da yawa suke ɗauka, cewa abin da hannunmu ya yi ba ya cutarwa.

Ku tuna yadda kek yake a zango a da. Abincin Sallah ne, na aure, na suna. Kafin a samu guda ɗaya sai yarinya ta zauna da roba tsakanin ƙafafu tana murza bota da sukari da muciya har hannunta ya mutu, wata ta karɓe ta, sannan a gasa a tukunya mai yashi a ƙasa, gawayi sama gawayi ƙasa. Wahalar ce take tsare mu, ba mu sani ba. Ba wanda zai yarda ya sha wannan aikin kowane mako. Miksa ta ɗauke wahalar, amma ba ta rage ko ƙwayar sukari ɗaya daga cikin kwanon ba.

Bari mu yi lissafin tare. Kek ɗin da aka fi yi a gidajenmu awo ɗaya ake yi wa komai: fulawa giram 250, bota giram 250, sukari giram 250, da ƙwai huɗu ko biyar. Idan aka yanka shi gida 12, kowane yanki yana ɗauke da sukari wajen giram 21. Ƙaramin cokalin shayi giram 4 yake ci, wato cokali biyar ke nan a yanki ɗaya, ban da farin adon da ake shafawa a sama, wanda shi kusan sukari ne zalla da bota. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake zubawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abincinsa na yini. Ga babban mutum wannan wajen giram 50 ne, cokali 12. Ta ƙara da cewa idan aka sauko zuwa rabin haka, cokali shida, ya fi alheri. To ga yanki ɗaya ya cinye biyar, ba a zo kan kokon safe ba, ba a zo kan shayi da madarar gwangwani ba, ba a zo kan burkina da sobolo na rana ba. Mu nan kuma ga karak, shayin madara mai zaƙi da ake sayarwa a kowace kusurwar Muhaisnah, wanda wani ɗan'uwa zai sha kofi uku kafin la'asar bai ɗauka ya ci komai ba.

Hukumomi sun ga wannan. Daular Larabawa ta sa harajin kashi 50 cikin 100 a kan lemon kwalba mai gas a 2017, ta faɗaɗa shi zuwa sauran abin sha mai zaƙi a ƙarshen 2019. Gana ma ta sa nata harajin na kashi 20 a 2023. Amma haraji a bakin kwalba yake tsayawa. Kwanon da ke tsakar gida, wadda ke riƙe da gwangwanin awo ce kaɗai take da iko da shi.

A nan ne miksa take iya zama abokiya, idan an san hannunta. Sukari a kek ba zaƙi kaɗai yake bayarwa ba. Lokacin da ake buga shi da bota, ƙwayoyinsa ne suke huda botar su bar ƙananan ramuka na iska, waɗanda za su kumbura a wuta kek ya tashi. Shi ya sa ba a cire shi gaba ɗaya. Amma ana iya rage kashi ɗaya cikin huɗu, kek ya fito lafiya, muddin an buga da kyau. A fitar da bota daga firiji ta saki, ta yi laushin da yatsa zai shiga amma ba ta narke ba. A fara da ƙaramin gudu don kada sukari ya watsu, sannan a ƙara, a yi ta bugu minti huɗu ko biyar har haɗin ya yi fari ya yi kumfa. Ƙwai kuma ɗaya bayan ɗaya. Da an zo kan fulawa sai a ajiye injin a ɗauki cokalin katako, ko a sa shi a gudu mafi ƙanƙanta na ɗan lokaci, don fulawa idan ta sha bugu danƙo take yi, kek ya fito da tauri kamar burodin jiya. Da yawa daga masu cewa rage sukari ya ɓata musu kek, a wannan matakin suka ɓata shi.

Gurbin zaƙin da aka rage, ƙamshi ne yake cike shi: gyaɗar ƙamshi, kirfa, citta, ɓawon lemo da aka kankare. Wasu suna sa zuma ko dakakken dabino su ce sun guje wa sukari. Ga mai ciwon sukari wannan canjin riga ne kawai, jininsa zai hau da su kamar yadda yake hawa da farin. Ita kanta fulawar sukari take komawa a jiki. Gwaggona yanzu siririn yanki take samu, ranar biki, bayan ta ci abinci, kuma ta yi fushi da ni kwana biyu kafin ta huce.

Tun da na taɓo ciwon sukari, bari in faɗa wa 'yan'uwa na nan wata magana. A Muhaisnah akwai cibiyar gwajin lafiya da dubban ma'aikata suke zuwa kafin a ba su takardar zama. Mutum ya fito an ce ya ci gwaji, sai ya bugo gida ya ce likitocin Dubai sun duba shi ƙalau yake. Wancan gwajin cututtuka masu yaɗuwa yake nema, irin su tarin fuka da ƙanjamau. Ba a yi shi don auna sukari ko hawan jini ba, wannan sai mutum ya je da ƙafarsa ya nema. Kuma idan za ku kwatanta sakamako a waya ku lura, awon nan da na gida ba ɗaya ba ne. A Gana idan aka auna mutum bai karya ba aka ga 7.0 ko sama, likita zai sake aunawa don ya tabbatar ko ciwon ne. A nan wannan lambar 126 ce. A raba ta Dubai gida 18, sai a samu ta Gana. Na taɓa jin wata uwa ta kusa suma da ɗanta ya ce mata nasa 95 ne.

Akwai wata ɗabi'a da miksa ta kawo gidajenmu wadda nake roƙon kakanni su hana. Da an gama bugu, yara suke layi a miƙa musu ƙarafunan su lashe. Wannan ƙullun ɗanyen ƙwai ne da ɗanyar fulawa. Ƙwai yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela, mai kawo gudawa da amai da zazzaɓi, kuma ba lallai ta nuna a ranar ba, tana iya kaiwa kwanaki, lokacin da ba wanda zai tuna da kek. Fulawa ma, duk farinta, daga gona ta fito ba a dafa ta ba. Wuta ce take kashe abin da ke cikinsu. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu ciki da tsofaffi su ne abin ya fi kayarwa. A fasa kowane ƙwai a kofi daban kafin a zuba, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ɓawon. Kek mai kirim ko madara a sama kuma kada ya wuce awa biyu a waje. A zafi irin na Dubai, inda watan Yuli da Agusta ake wuce digiri 40, ko na Tamale a watan Maris, awa ɗaya ma ta isa.

Sai maganar wuta, wadda a kanta ne na fi yi wa Mma faɗa. Ba a saka ƙarafunan ko a cire su sai an zare filogi daga bango, ba kashe maɓalli kawai ba. Bakin mayafi ko hijabi a soke shi a baya, don ƙarfen da ke juyawa idan ya kama yadi ba ya tambaya, haka gashin yarinya da ta leƙa kwano. Jiƙaƙƙen hannu ba ya taɓa ta. Ƙarafunan kaɗai ake wankewa, musamman lungun da ƙullu yake maƙalewa ya bushe, jikin injin kuwa da tsumma mai ɗan laima ake goge shi. Idan dumso ya ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, a kashe a zare, don kada ta dawo injin ya tashi shi kaɗai a hannun yaro. Gidajenmu na haya kuma mun san su, soket ɗaya ne yake ɗauke da firiji da dutsen guga da cajin waya biyar. Wanda filoginsa ya karye ya sayi sabo mai fis a ciki, a daina tura tsirarar waya da tsinken ashana.

Watan jiya na kira gida na ji ƙarar miksa a bayan muryar Mma. Ta ce na sunan jikar maƙwabciya ne, tun Sallah ba a gasa wani ba. Sai ta rage murya ta ce gwangwanin awon sukarin ma ta canza shi da ƙarami, ba ta gaya wa kowa ba, kuma har yau jikokin ba su gane ba.