Shiri na Musamman: Manhajar Ajiye Bayanai ko Zallar Rubutu, Wanne Ya Fi Riƙe Amanar Marubuci?

Shirin musamman na yau zai yi nazari ne a kan wata tambaya da ke gaban duk wanda kwamfuta ta zama masa kayan aiki, ko ɗalibi ne ko malamin jami'a, ko ɗan jarida ne ko ma'aikacin ofis, wato inda ya dace mutum ya riƙa rubuta bayanansa na yau da kullum domin ya same su daram a ranar da buƙata ta taso. Masu amfani da kwamfuta sun rabu gida biyu a kan wannan batu, inda wasu suka dogara ga manhajojin da aka tsara musamman domin ajiye bayanai, wasu kuma suka tsaya a kan ƙananan manhajojin da ba su san komai ba sai zallar rubutu.

Abin da ake nufi da zallar rubutu shi ne fayil ɗin da ba ya ƙunshe da komai sai haruffa da lambobi da alamomin rubutu, babu launi, babu hoto, babu girma ko kaurin harafi, kuma manhajar da ke buɗe irin wannan fayil, kamar Notepad da ke zuwa tare da Windows tun fitowarsa ta farko a 1985, aikinta kawai shi ne ta nuna haruffan ta kuma ba da damar gyara su. Ita kuwa manhajar ajiye bayanai, irin su OneNote da kamfanin Microsoft ya fitar a 2003, da Evernote da Notion, tana tattara duk abin da mutum ya rubuta a wuri guda, ta jera shi cikin kundaye, ta karɓi hotuna da sauti da takardu, sannan ta ba da hanyar binciko kowace kalma cikin ƙiftawar ido. Yawancin irin waɗannan manhajoji suna zuba rubutun ne a cikin rumbun bayanai, wato wani tsararren ma'aji da manhajar ce kaɗai ta san yadda aka gina shi, kuma daga nan ne bambancin hanyoyin biyu ya samo asali.

Tushen zallar rubutu yana komawa ne ga shekarar 1963, lokacin da aka amince a Amurka da ƙa'idar ASCII, wadda ta ware wa kowane harafin Turanci da kowace alama lamba tata ta musamman, har guda 128, domin na'urorin kamfanoni daban-daban su fahimci juna. A kan wannan ƙa'ida aka gina manhajojin gyaran rubutu na farko, kamar vi da Bill Joy ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1976, da Emacs da ya samo asali a cibiyar fasaha ta MIT a daidai wannan lokaci, kuma har yau ana aiki da jikokinsu, musamman Vim da Bram Moolenaar na ƙasar Holan ya fitar a 1991. Haka nan lokacin da Michael Hart ya fara aikin Project Gutenberg a 1971 domin ɗora littattafai a kan kwamfuta, zallar rubutu ya zaɓa, bisa hujjar cewa ita ce siffar da kusan kowace na'ura za ta iya karantawa. Zamani ya gaskata shi, domin fayilolin da aka rubuta ta wannan siffa shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce suna buɗuwa yau a wayar hannu ba tare da wata wahala ba, alhali takardu da yawa da aka rubuta da manhajojin kasuwa na wancan zamani ba sa karantuwa sai an nemi masani ya juya su.

Duk da haka, adalci ya wajabta a faɗi abin da ya sa miliyoyin mutane suka rungumi manhajojin ajiye bayanai, domin ba a banza suka karɓu ba. Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri ba haruffa kaɗai yake tarawa ba, yana da hoton shafin littafin da ya ɗauka a ɗakin karatu, yana da muryar dattijon da ya yi hira da shi, yana da jadawali da taswira, kuma manhaja irin OneNote tana ba shi damar ajiye su duka a shafi ɗaya, kowanne kusa da sharhin da ya yi a kansa. Wasu manhajojin ma suna iya karanta rubutun da ke cikin hoto, ta yadda mai bincike zai rubuta kalma ɗaya su fito masa da hoton allon da kalmar take ciki. Akwai kuma daidaitawa, wato aikin da manhaja ke yi na tabbatar da cewa abin da aka rubuta a kwamfutar ofis ya bayyana a wayar da ke aljihu, da kuma damar da abokan aiki ke samu ta rubutu a shafi guda a lokaci guda. Wanda ya zaɓi zallar rubutu dole ne ya yi wa kansa dukan waɗannan hidimomi, ya raɗa wa fayiloli sunaye masu ma'ana, ya tsara su cikin jakunkuna, ya kuma tuna inda ya ajiye kowane hoto, kuma idan ya yi sakaci da wannan tsari, tarin fayilolinsa zai rikice masa har ya kasa gano abin da ya rubuta da hannunsa.

Sai dai wannan sauƙi yana da farashi, kuma tarihin shekarun baya-bayan nan ya nuna inda ake biyansa. Kamfanin Google ya ƙaddamar da Google Notebook a 2006, sannan ya sanar da rufe shi a 2011, ya kwashe bayanan jama'a zuwa Google Docs. Manhajar Springpad ta rufe baki ɗaya a 2014, aka ba masu amfani da ita ɗan wa'adi su kwashe kayansu. Evernote, wadda ta daɗe tana kan gaba a wannan fage, ta koma hannun kamfanin Bending Spoons na ƙasar Italiya a farkon 2023, kuma kafin shekarar ta ƙare aka taƙaita masu amfani da ita kyauta ga bayanai 50 da kundi ɗaya tak, ta yadda wanda ya riga ya tara dubban bayanai zai iya karanta su, amma ba zai ƙara sabo ba sai ya biya kuɗi. A watan Satumba na 2024 kuma kamfanin Notion ya daina aiki a ƙasar Rasha saboda takunkumin Amurka, lamarin da ya tilasta wa mutanen da ba su da hannu a siyasar ƙasashen biyu su yi gaggawar sauke rubuce-rubucensu. A dukan waɗannan misalai marubutan ba su aikata wani laifi ba, shawara ce aka yanke a wani ofishi mai nisa, kuma Bahaushe ya riga ya ce zanen aro ba ya rufe katara.



Akwai wani ɓangare na wannan batu da ya shafi mai rubutu da Hausa kai tsaye, wato makomar haruffa masu ƙugiya, irin su ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda babu ko ɗaya daga cikinsu a lambobi 128 na ASCII. Kafin a sami mafita ta duniya, maɗaba'u da jami'o'in ƙasar Hausa sun dogara ne ga zubin haruffa na musamman, kamar Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar, wanda ya yi wa ɗab'in Hausa gagarumar hidima a zamaninsa. Dabarar irin wannan zubi ita ce a ari gurbin wasu alamomi da ba a cika amfani da su ba, a ɗora musu siffar harafi mai ƙugiya, saboda haka idan aka buɗe takardar a kwamfutar da ba ta da zubin, ko aka kwafe rubutun zuwa intanet, sai ƙugiyoyin su ɓace, alamomin baka da makamantansu su bayyana a tsakiyar kalmomi. Wannan ne dalilin da ya sa ake cin karo da kundayen digiri da maƙalu na Hausa a intanet waɗanda kalmominsu suka cakuɗe da baƙin alamomi. Ƙa'idar Unicode, wadda ta fara fitowa a 1991, ita ce ta ba kowane harafi mai ƙugiya lambarsa ta dindindin, kamar yadda ta ba haruffan Larabci da ake rubuta ajami da su, sannan a 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wato hanyar zuba waɗannan lambobi a cikin fayil. Darasin da ke nan shi ne cewa rubutun da ma'anarsa ta rataya ga wata manhaja ko wani zubi yana cikin haɗari, kuma mai rubuta Hausa a Notepad ya kamata ya tabbatar ya ajiye fayil ɗinsa da UTF-8, domin sai a 2019 ne manhajar ta mayar da shi zaɓinta na farko, kafin nan kuwa rashin kula yana iya mayar da ƙugiyoyi alamomin tambaya.

Batun nauyi da tsada ma yana da muhimmanci a wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas kuma kuɗin data ke cin aljihu. Idan shafi ɗaya na zallar rubutu ya ɗauki haruffa 3,000, girmansa bai wuce kimanin kilobait 3 ba, wanda ke nufin filashi mai gigabait ɗaya zai iya ɗaukar fiye da shafi 300,000. Tsohuwar kwamfutar da aka saya a hannu tana buɗe irin wannan fayil nan take, ba ta neman intanet, ba ta neman rajista ko kalmar sirri. Da yawa daga cikin manhajojin ajiye bayanai na zamani kuwa an gina su ne a kan injin burauzar intanet, shi ya sa suke cin ƙwaƙwalwar kwamfuta da batir fiye da yadda aikin rubutu yake buƙata, wasunsu kuma ba sa sakin jiki sai sun gana da manyan kwamfutocin kamfaninsu ta intanet.

Masana sun daɗe suna neman hanyar da za ta haɗa amfanin ɓangarorin biyu, kuma babban mataki a wannan fage shi ne Markdown, wata ƙa'ida mai sauƙi da John Gruber ya fitar a 2004 tare da gudummawar Aaron Swartz. A wannan ƙa'ida alamomin da ke kan kowane allon bugu ne suke wakiltar ado, misali tauraro biyu a gaba da bayan kalma suna nufin a kaurara ta, alamar da matasa suka sani da hashtag kuma idan ta zo a farkon layi tana nufin kanun magana, amma fayil ɗin yana nan a matsayinsa na zallar rubutu da ido zai iya karantawa. A kan wannan tushe aka gina Obsidian, wadda Shida Li da Erica Xu suka fitar a 2020, kuma tana ajiye kowane bayani a matsayin fayil mai zaman kansa a cikin kwamfutar mai shi, sannan ta ɗora masa bincike da mahaɗai da hotuna daga sama. Idan wata rana manhajar ta daina aiki, fayilolin suna nan, Notepad ma zai buɗe su. Joplin, wadda Laurent Cozic ya samar kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, tana ajiya ne a rumbun bayanai, amma tana ba da damar fitar da komai ta siffar Markdown a duk lokacin da aka so.

Ya kamata kuma a tuna cewa tsari mai kyau daga tunanin marubuci yake fitowa kafin ya fito daga na'ura. Niklas Luhmann, masanin zamantakewa na Jami'ar Bielefeld da ke Jamus wanda ya rasu a 1998, ya bar katunan takarda kimanin 90,000, kowanne ɗauke da tunani guda da lambarsa, da kuma lambobin sauran katunan da suke da alaƙa da shi, kuma da wannan akwati na katuna ya rubuta littattafai masu yawa ba tare da wata manhaja ba. Mahaɗan da manhajojin yau suke tallatawa kwaikwayon wannan dabara ne, kuma wanda ya lazimci ƙa'ida a wajen raɗa suna, misali ya fara sunan kowane fayil da shekara da wata da rana sannan ya biyo da batun, zai ga fayilolinsa sun jeru da kansu bisa tarihi.

Hukuncin da wannan nazari ya kai gare shi shi ne cewa manhajar ajiye bayanai ta dace da aikin da ke da hotuna da sauti da yawa, da aikin haɗin gwiwa, da kuma bayanan da amfaninsu ba zai wuce 'yan watanni ba. Amma rubutun da mutum yake fatan ya same shi bayan shekara ashirin, kamar binciken ilimi, ko tarihin zuri'a, ko daftarin littafi, ya fi cancanta ya zauna a siffar zallar rubutu da UTF-8, ko da kuwa wata manhaja ce ake amfani da ita wajen tsara shi. Saboda haka, kafin mai sauraro ya damƙa wa kowace manhaja amanar rubutunsa, ya fara gwada ƙofar fita: ya rubuta bayani ɗaya mai ɗauke da haruffa masu ƙugiya, ya fitar da shi, ya buɗe shi a wata manhajar daban, ya ga ko ya fito lafiya. Wanda kuma ya riga ya tara bayanai a wata manhaja, ya fitar da kwafinsu tun yau, ya ajiye ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi, ya kuma riƙa sabunta su lokaci zuwa lokaci.

A nan shirin na yau ya kawo ƙarshe.