Batirin na'urar hango kifi: yadda ake karanta alƙalumansa

Tun da kamfanin Garmin ya fito da LiveScope a 2018, na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta nuna motsin kifi kai-tsaye a allo, masunta a Amurka da Kanada suka shiga neman batirin da zai iya da ita. Ƙananan na'urori masu allon inci 4 ba sa jan wuta da yawa. Ita kuwa LiveScope, akwatinta kaɗai na cin wat 21 a aiki na yau da kullum, idan aka haɗa da allo mai inci 9 lissafin ya kai wajen wat 33.

Daga nan ya kamata mai saye ya fara, ba daga lambar Ah da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali ba. Wat 33 sau awa 10 na wunin su ya ba da Wh 330. Don sanin abin da batir ke ɗauke da shi, sai a ninka volt ɗinsa da Ah ɗinsa. Batirin litiyam na LiFePO4 mai volt 12.8 da Ah 20 na da Wh 256, wato ba zai cika awa 8 ba. Mai Ah 30 na da Wh 384, ya isa wunin har da rara.

Litiyam ɗin ma ba iri ɗaya ba ne. LiFePO4, wanda aka gano amfaninsa a ɗakin binciken John Goodenough na Jami'ar Texas a shekarun 1990, kowace ƙwayarsa volt 3.2 ce, huɗu suka ba da 12.8. Nau'in NMC kuwa ƙwayarsa 3.7 ce, huɗu 14.8. Don haka Ah 20 a NMC Wh 296 ne, ya fi takwaransa da 40, ga shi ya fi sauƙin ɗauka. Wannan ne ke jan hankalin masu kamun kifi a kan ƙanƙara, waɗanda ke jan kayansu da ƙafa.

Sai dai akwai tarko. NMC mai ƙwaya huɗu, idan ya cika, yana kai volt 16.8. Akwatin LiveScope ba ruwansa, yana karɓar volt 10 zuwa 32, amma wasu alluna iyakarsu 18 ce, kuma fitila ko ƙaramin famfo da aka jona wa batirin na iya ƙonewa. A duba takardar kowace na'ura kafin a jona.

Wajen daɗewa tazarar ta fi fitowa. LiFePO4 mai kyau na jure caji sau 2,000 ko fiye, NMC yawanci 500 zuwa 1,000, batirin dalma kuwa 300 zuwa 500, shi ma idan ba a zuƙe fiye da rabinsa. Wannan rabin shi ke tsawwala masa: don samun Wh 330 sai an sayi mai Ah 55, nauyinsa ya haura kilo 15, alhali LiFePO4 mai Ah 30 bai wuce kilo 4 ba. Sannan LiFePO4 ya fi wuyar kama wuta, kuma gobara a tsakiyar tafki ba ta da wurin gudu.

Aibun LiFePO4 biyu ne. Yana tsayawa a kusan volt 13 har sai ya kusa ƙarewa, sannan ya yanke rana tsaka, saboda haka lambar volt da ke allo ba ta nuna ragowar caji. Kuma caji a sanyin da ya gaza digiri 0 na lalata shi. Wannan damuwar mutanen wurare masu sanyi irin su Minnesota ce. Masuncin Kainji ko Tafkin Chadi zafin rana zai kiyaye, don shi ke rage wa batir kwana.

In ba nauyi ne babbar matsalarka ba, ka sayi LiFePO4 da cajarsa mai volt 14.6, ka ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan lissafin wuninka.