Tallafin wata uku ba ya renon yaro

Tun da gwamnatin tarayya ta sanar a watan Oktoban 2023 cewa za ta ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 duk wata har wata uku, muhawara ta tsaya kan yawan kuɗin da sunayen waɗanda suka samu. Ba a cika tambayar abin da zai faru a wata na huɗu ba, alhali samu da rashi, yau tukunya ta ɗoru gobe babu, shi ne ke cin yaro.

Masana sun daɗe da gano haka. A 2009 Sharon Maccini da Dean Yang suka fitar da bincike kan mutanen karkarar Indonesiya da aka haifa tsakanin 1953 da 1974. Matan da aka haifa a shekarar da damina ta yi kyau sun fi tsayi da lafiya, sun kuma fi nisa a karatu. Ba a ga wannan bambancin a maza ba, wanda ke nuna cewa in abinci ya yi ƙaranci, 'ya mace ce ke fara biya. Damina ɗaya ta bi su har girma.

Abin takaici, muna da wannan darasin a tarihinmu muka watsar. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yanka wa yara kaso daga baitulmali, amma sai an yaye su. Wani dare a Madina ya ji jariri na ta kuka. Da ya tambayi uwar, ta ce yaye shi take yi tun lokaci bai yi ba, don ya shiga rajista. Da gari ya waye ya sa aka yi shela cewa kowane jariri na da rabonsa tun daga haihuwa. Haƙƙi ne a rubuce cikin diwani, wato rajistar baitulmali, duk shekara yana zuwa, uwa ta san da shi ta tsara gidanta a kansa.

Ina hukumomin zakka da hubusi na jihohinmu? Rabon buhun shinkafa sau ɗaya a azumi ba zai hana a cire yarinya daga makaranta a ɗora mata talla cikin Agusta ba, lokacin da rumbu ya ƙare kuma sabon hatsi bai nuna ba. A ɗauki sunayen masu ciki da masu goyo, a riƙa biyansu duk wata har yaro ya kai shekara 2, ko da kuɗin kaɗan ne, a kuma sa ranar biya da ba ta motsi.